Ƙwaryar Tsamiya a Ɗakin Ɗantani

Ingila,
6 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga Baffa Gwadabe, helman leburori a mahaƙar kuza ta Riruwai.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da 'yar ƙanwarka Dije da maigidanta Ɗantani. Ni lafiya lau nake, in ban da sanyi da ya farfasa mini leɓe. Inna ta aiko daga Bebeji cewa ƙafarta ta yi sauƙi.

Ka ce in daina ce maka "karatu" a dunƙule, in faɗi abin da nake yi da hannuna, don tsohon soja ba ya karɓar rabin rahoto. To ga shi.

A ɗakin bincikenmu akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba, ana ce masa kobal. Yana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa katako da nama. A cikin rami muke ajiye shi, an kewaye shi da dalma. Aikina shi ne in zuba ruwa mai ɗan tsami a ƙananan kwalabe, in narke bakinsu da wuta su liƙe, in saukar da su kusa da ƙarfen. Tsamin iri-iri ne. Akwai irin na yakuwa, akwai na tsamiya, akwai wanda ke sa cizon cinnaka zafi. In kwalba ta wuni ta kwana a ramin, sai mu tarar rabin tsamin ya tafi, ya zama iska irin wadda muke fitarwa wajen numfashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, hasken ba tsamin yake duka ba. Ruwan yake fasawa. Gutsattsarin ruwan nan ba sa iya zama su kaɗai ko na ƙiftawar ido, duk abin da suka tarar kusa sai su far masa su yage shi. Malamina yana so mu rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, wane ya fara, wane ya bi baya, wane ya fi sauri, sannan mu lissafa a takarda nawa tsamin zai ragu tun kafin mu saukar da kwalbar. In awon ya zo daidai da lissafin, mun gane abin. In ya saɓa, mu koma farko. Injin lissafin da nake juyawa yana da mariƙi kamar na keken ɗinki, har ya yi mini kanta a tafin hannu.

Ka ce Ɗantani ya yi wa wasu Turawa jagora a duwatsunku da akwati mai ƙyas-ƙyas, har suka bar masa ajiyar buhunan dutse. Irin hasken nan ne akwatin yake ji, don wasu duwatsunku suna fitar da shi kaɗan. Ka ce masa ashe sana'armu ɗaya ni da shi, sai dai shi yana yin tasa cikin rana.

Ɗanka,
Ladan

Riruwai,
19 ga Maris, 1955

Ɗana Ladan,

Na amsa gaisuwarka. Mutanen gida lafiya, ban da wanda zan ba ka labarinsa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Wasiƙarka ta yi mini daɗi, har na karanta ta a kasuwa, a rumfar mahauta, mutane suka taru. Ban ga aibu ba a lokacin.

Akwai Arɗo Hamman, rugarsa tana gangaren inda muke wankin kuza. Mutumin kirki ne, shekara da shekaru muna gaisawa. Tun watan jiya maruƙansa suke mutuwa, kuma nonon matansa ya ƙi kamawa. A ɗura shi da yamma, da safe ba tsami, sai wari. Matarsa Furera kullum a gindin katangar Ɗantani take sauke ƙwarya ta huta in za ta shiga kasuwa. Ban san wanda ya fara haɗa maganganun ba. Aka ce ɗan ɗan'uwan Gwadabe ya rubuto daga Turai cewa hasken dutse yana cinye tsami, ga dutsen kuwa a ɗakin Ɗantani. Leburorina suka ƙara da nasu, wai yana kashe mazakuta. Mata suka daina ɗiban wuta a gidan Dije.

Jiya bayan an sauko daga masallaci suka tare Ɗantani a ƙofar gidansa. Suka janyo shi daga kan kekensa. Balarabe ɗan Hamman ya kai masa sanda a ka, ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Wani lebura, yaron da ni na ɗauke shi aiki, ya sare shi da bakin shebur a ƙeya, fatar kan ta ɗaye kamar an feɗe. Wasu suka cinna wa danga wuta. Na kutsa na tsaya a kansa, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, na ce duk wanda zai sake dukansa ya fara da ni.

Hamman ya ce, "Helma, matsa. Ba da kai muke ba."

Na ce, "Arɗo, maganar ɗana ce ta kawo ku, ko ba ita ba?"

Ya ce ita ce.

Na ce, "To a gwada maganar. Shi ma ba ya yanke hukunci sai ya gwada. A jiƙa tsamiya a ajiye a ɗakin, kusa da buhunan, har Juma'a biyu. In tsamin ya tafi, na ɗauke ƙafata daga kansa. In yana nan, ka zo ka roƙe shi gafara a gaban kowa."

Wani ya yi ihu daga baya cewa a zubar da duwatsun kawai. Hamman ya ce zubar da su ba zai ta da maruƙansa ba, shi so yake ya san wanda ya kashe su. Ɗantani kuma, jini na zuba masa a baki, ya ce amana ce aka ba shi, ba mai taɓa ta. Ka san taurin kansa.

Dagaci ya yarda. Furera ce ta jiƙa tsamiyar da hannunta, ta tace da ƙyalle, ta ɗanɗana, ni ma na ɗanɗana. Hamman ya zare wuƙa ya ja layi a cikin ƙwaryar daidai bakin ruwan. Aka ajiye ta a buɗe a kan buhunan, Hamman ya ɗaure ƙofar da igiyar shanunsa, irin ƙullin da shi kaɗai ya iya. Dagaci ya ce in Ɗantani ya faɗi za a kai shi gaban alƙali a Tudun Wada. Ni na san ba zai kai can da ransa ba.

An ɗora masa hannun. Na ce ya gudu Kiru wurin danginmu, ya ce in ya gudu ya amsa laifi.

Ladan, ni na faɗi maganar nan ne don in raba su da shi a ranar, ban san amsarta ba. Kai ka sani. Tsamin zai tafi ko zai zauna? Ka amsa mini da abin da ya fi sauri.

Baffanka,
Gwadabe

Ingila,
14 ga Maris, 1955

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ka ba tun wasiƙata ta watan jiya, na ce ko aiki ne ya yi yawa. Ni lafiya, sanyi ya fara sassautawa.

Yau ina cikin farin ciki, kuma dalilinsa kuskure ne. Wata kwalba ban liƙe ta da kyau ba, iska ta shiga. Da na auna sai na tarar tsamin ya lalace ninki goma na abin da lissafina ya ce. Na ɗauka hannuna ne, na sake sau uku da gangan, haka ya fito. Ashe in akwai iska a cikin ruwan, gutsuren da ya yage tsami ɗaya yana haifar da wani gutsuren, shi ma ya kama na gaba, haka har abin ya yi nisa, kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Haske kaɗan, ɓarna mai yawa. Duk lissafin da na yi tun kaka sai na sake shi. Malamina ya buga tebur ya ce wannan kuskuren ya fi duk daidai ɗin da muka yi bana.

Abin da na koya shi ne kada mutum ya raina ƙaramin haske in ruwan a buɗe yake.

Ka gaida Dije, ka ce mata na yi mafarkin miyar yakuwarta. Ka gaida abokin sana'ata.

Ɗanka,
Ladan

Ingila,
29 ga Maris, 1955

Baffa,

Wasiƙarka ta 19 ta iso yau da safe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na buga maka wayar tangaraho nan take, kalma kaɗan: tsamin zai zauna, kada kowa ya taɓa ƙwaryar. Wannan bayaninta ne.

Na zauna na lissafa, na kuma ba malamina ya duba. Ƙarfenmu yana buƙatar wuni da kwana kafin ya ci rabin tsamin da ke cikin 'yar kwalba, wanda harshe da ƙyar yake ji. Hasken buhunan Ɗantani, ko na ɗauka su ne mafi ƙarfi a duwatsunku, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na ƙarfenmu ba. Aikin kwana ɗaya a nan zai ɗauke su wajen shekara dubu talatin.

Akwai wata wasiƙa da na aiko maka tsakiyar wata, kafin in san abin da ke faruwa. Ina roƙon Allah ta ɓace a hanya. In ta iso, kada ka karanta wa kowa. Na yi maganar ninki goma a cikinta. Ka raba dubu talatin gida goma, saura shekara dubu uku. Ruwan tsamiyar da Furera ta jiƙa kuwa ya fi nawa kauri nesa ba kusa ba. Ga shi bazara ce, ruwan zai ƙafe ya sauka ƙasa da layin Arɗo, abin da ya rage sai ya ƙara tsami. In ka ga fumfuna a sama, a yaye ta a ɗanɗana na ƙasa.

Abu ɗaya ya rage a gwajinku. Mu ba ma ajiye kwalba ɗaya. Kullum biyu ne, ɗaya kusa da hasken, ɗaya nesa, don in wani abu ya canza mu san ko hasken ne ko wani abin dabam. In da hali, ka nemi Arɗo ya yarda a ajiye ta biyu a gidan Dagaci.

Game da nonon, dutsen ba shi da hannu. Ka tambayi Arɗo ko wani mai yawo da allura ya yi wa shanunsa, don akwai allurar da ke hana nono kamawa kwana da kwanaki. Ka kuma tambaye shi inda maruƙan suke shan ruwa. In a gangaren wankin kuza ne, ya mai da su sama.

Ni na rubuta "kaɗan" ban faɗi nawa ba, alhali aikina ke nan. Ka gaya wa Ɗantani ya daure.

Ɗanka,
Ladan

Riruwai,
10 ga Afrilu, 1955

Ladan,

Gaisuwa. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi. Ɗantani ya rasu ranar Juma'a ɗaya ga wata. Mun binne shi da la'asar.

Zan ba ka labarin a jere, yadda kake so.

Wasiƙarka ta tsakiyar wata ba ta ɓace ba. Ta iso ana saura kwana shida a buɗe ɗakin. Na ɗauka amsata ce, ban duba kwanan watan ba, na tafi da ita gidan su Dije a rufe na buɗe a gabansu. Na karanta har wurin da ka ce kada a raina ƙaramin haske in ruwan a buɗe yake. Ɗantani ya yi dariya ya ce, "Malam Ladan da kwalabensa yake." Dije ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu, ƙwaryarmu a buɗe take ko a rufe?" Na ce a buɗe. Ta tashi ta shiga madafa.

Takardar wayarka ta iso ranar Alhamis da motar kamfani. Na tafi da gudu kamar yaro. Na ce, "Dije, ga yayanki ya ce tsamin zai zauna, kada dai kowa ya taɓa." Tana riƙe da taɓarya, sai ta jingine ta, ta zauna a ƙasa. Na ɗauka daɗi ne ya kashe mata jiki. 

Ranar Juma'a mutane sun fi na farko yawa, har daga Doguwa an zo. Hamman ya duba ƙullinsa, ya ce ba a taɓa ba. In faɗi gaskiya, mutumin nan ya riƙe alkawari. Mako biyu yana danne samarinsa, ya binne wasu maruƙan a cikin kwanakin bai ce uffan ba. Ya kwance, ya fito da ƙwaryar da hannu biyu. Furera ta tsoma yatsa ta kai baki, fuskarta ta yamutse. Ta ce, "Da tsami." Na ji Ɗantani ya sauke numfashi a bayana.

Hamman bai ɗago ba, yana kallon cikin ƙwaryar. Ya ce, "Helma, zo ka gani."

Ruwan yana daidai kan layin wuƙarsa. Bai sauka ko da faɗin farce ba.

Ya ce, "Randar gidana a rufe take, kullum sai an ƙara mata. Wane ruwa ne zai yi Juma'a biyu a buɗe cikin wannan zafin bai ragu ba?"

Furera ta sake tsoma hannu har ƙasa, ta fito da ƙwallon tsamiya guda. Ita kuwa da ƙyalle ta tace. Wani ya leƙa ɗakin ya ce ga inda aka ɗaga jinka ta baya.

Dije ta fito tana ihu, "Ni ce! Wallahi ni ce, bai sani ba!" Ba wanda ya saurare ta. Abin da suka ji shi ne tsamin ya tafi har sai da aka ƙara.

Na ɗaga takardar wayarka sama ina cewa ku ji abin da ya ce, wani ya fizge ta. Dutse na farko a baki ya sami Ɗantani, haƙoransa suka zubo a rigarsa. Ya juya zai shiga gida, Balarabe ya sa masa sanda a ƙafa ya faɗi a kan karyayyen hannun. Daga nan ban iya ƙirga su ba. Leburori da diga da shebur, samarin ruga da sanduna, har da mutanen gari da muke sahu ɗaya da su awa guda kafin nan. Na kwanta a kansa, suka ja ni ta ƙafa, wani ya taka mini hannun dama har yatsu uku suka karye. Hamman ya shiga yana dukan ɗansa da bayan sanda yana cewa an yi alkawarin alƙali, aka fasa masa goshi shi ma. Wasu suka shiga ɗakin da kowa ke tsoron wucewa ta gabansa, suka kinkimo buhunan, suka zazzage, da duwatsun ajiyar suka ƙarasa shi. Na ga yaƙi a ƙasar Bama ina soja, ban ga an yi wa kan mutum haka ba. Da ƙafafunsa Dije ta gane shi.

Bayan sun watse ne ta gaya mini. Ranar Talata da rana, maza suna wurin aiki, Ɗantani yana barci, ta hau turmi ta ɗaga jinka ta sauka. Ta ga ruwan ya yi ƙasa da layi sosai, ga fumfuna a sama. Ta ce a ranta hasken ya fara ci. Ba ta ko ɗanɗana ba. Ta yaye fumfunar, ta zuba sabon jiƙo, ta cika shi daidai layin don kada a gane. Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ranar Alhamis ba? Ta ce, "Kawu, na ce ai ƙarawa na yi, ba ragewa ba."

'Yan doka sun zo daga Tudun Wada washegari. Sun tafi da mutum tara, har da Balarabe. Hamman da kansa ya kawo shi ɗaure da igiyar nan.

Doguwar wasiƙarka ta iso jiya. Na tambayi Hamman zancen allura. Ya ce wani mutum ya ratso da jaka a kan keke farkon bazara, ya yi wa shanun.

Dije tana gidana tana takaba.

Gwadabe

Riruwai,
8 ga Mayu, 1955

Ɗana Ladan,

Barka da shan ruwa. Wasiƙunka biyu na ta'aziyya sun iso. Ka ce za ka bar karatun ka dawo. Kada ka dawo. Ba abin da za ka tarar a nan wanda zuwanka zai gyara, kuma Innarka ba ta san komai ba tukuna. Yatsuna sun fara lanƙwasuwa.

Dije ce ta sa ni wannan rubutun. Wajen mako uku bayan rasuwar ta ce in karanta mata doguwar wasiƙarka. Na so in tsallake wasu wurare, ta ce in karanta duka. Da na kai inda ka ce ku ba kwa ajiye kwalba ɗaya, ta ce in maimaita.

Washegari ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta raba ƙwarya biyu, ta ja wa kowace layi da wuƙar yanka kuɓewa. Ta ce in kai ɗaya ɗakin marigayi in tattaro duwatsun in ɗora ta a kai, ɗaya kuma ta ajiye a ɗakinta. Na ce, "Dije, me wannan zai ƙara miki?" Ta ce, "Kawu, kai dai ka kai." Na tattaro su da hannun hagu. Wasu ban wanke su ba, don ban iya ba.

Shekaranjiya suka cika Juma'a biyu. Na ɗauko ta can bayan la'asar, muka ajiye su gefe da gefe muna jiran magariba. Duka biyun sun sauka ƙasa da layi da wajen yatsa biyu. Duka biyun sun yi fumfuna. Da aka kira salla ba ta taɓa dabino ba, ba ta taɓa kunu ba. Ta yaye fumfunar, ta kurɓi ta ɗakinta, ta kurɓi ta kan duwatsun. Sannan ta riƙe ta biyun da hannu biyu ta shanye har ƙasa, ina cewa ya isa, ba ta tsaya ba. Ta bar mini ɗan kaɗan a gindi.

Ta ce, "A gaya wa Yaya Ladan lissafinsa ya fita."

Na kurɓa. Har yanzu da nake rubutun nan haƙorana a mace suke.

Baffanka,
Gwadabe